Girkawa, Shakespeare, Molière, Ibsen ko Brecht: wanne ƙungiyarku za ta iya ɗorawa a dandamali?

Duk ƙungiyar wasan kwaikwayo da ta ce bana za ta taɓa wasan Turawa, ta makaranta ce ko ta unguwa, sai ta sha gardama a zaman farko. Wani zai ce Shakespeare, don sunansa aka sani tun daga aji. Wani zai ce a nemo na zamani mai falo da kujeru, don shi ya fi kama da abin da ake gani a talabijin. Dukansu suna zaɓe ne da suna ko da kamanni. Ba wanda ya leƙa filin da za a yi wasan, ba wanda ya ƙirga mutanen da za su jure zuwa gwaji.

Abin da muke kira wasan kwaikwayon Turawa ba abu ɗaya ba ne. Ya shafe shekara kusan 2,500 yana sauya kama, kuma kowane salo an ƙera shi daidai da wurin da aka yi shi, da aljihun da ya biya, da jama'ar da suka zo kallo. Girkawa a gindin tudu suka yi nasu da hasken rana. Shakespeare ya rubuta wa dandamalin katako marar labule. 'Yan Italiya sun yi yawo da nasu kasuwa-kasuwa da fada-fada. Ibsen ya rubuta wa rufaffen zaure mai fitilu. Brecht ya rubuta wa 'yan kallon da yake so su fita suna musu. Don haka abin tambaya shi ne wane yanayi cikin waɗannan ya yi kusa da naku.

Ma'aunai huɗu

Na farko kuɗi: abin da zai tafi wajen tela, kafinta, hayar zaure, janareta da mansa, da lasifika. Akwai kuma kuɗin da ake mantawa da shi, wato haƙƙin mallaka. A Najeriya da ƙasashen Tarayyar Turai, haƙƙin marubuci yana ci gaba har shekara 70 bayan rasuwarsa. Mafassari ma yana da nasa haƙƙin daban, saboda haka wasan da ya shekara dubu biyu yana iya zama da mai shi idan fassarar da ke hannunku ta kwanan nan ce.

Na biyu ƙarko: bayan an yi wasan sau ɗaya, zai sake yiwuwa baɗi? Kayan za su ajiyu? Idan babban ɗan wasanku ya gama makaranta, wasan zai bi shi?

Na uku sauƙi: mutum nawa ake bukata, wace irin baiwa, gwajin wata nawa.

Na huɗu haɗari, kuma iri biyu ne. Akwai haɗarin 'yan kallo su fara hamma su watse. Akwai haɗarin wasan ya taɓo abin da shugaban makaranta, iyayen yara ko mutanen gari ba za su lamunta ba. Kowane salo cikin biyar ɗin nan ya taɓa jawo wa masu shi rigima a ƙasarsu ta asali, kuma wannan tarihin ya kan nuna inda ƙaya take.

Wasan alhini na Girkawa

A birnin Atina aka fara shi, cikin bikin shekara-shekara na ubangijinsu Dionysus, inda marubuta ke gasa. Wasa mafi daɗewa da ya iso gare mu shi ne na Aeschylus a kan Farisawa, wanda aka yi a shekara ta 472 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Bakwai ne suka rage na Aeschylus, bakwai na Sophocles, na Euripides kuma sha takwas ko sha tara, gwargwadon yadda masana suka ƙirga. 'Yan wasa masu magana uku ne kacal, duk maza, suna sauya abin rufe fuska su koma wani mutum. Sai 'yan amshi, waɗanda suka fara da 12 suka koma 15, suna waƙa da rawa suna yin sharhi a kan abin da ke faruwa.

Ta fuskar kuɗi, da wuya a sami wanda ya kai shi araha. Galibi wuri ɗaya ne daga farko har ƙarshe, yawanci ƙofar fada. Kisa da yaƙi ba a yin su a gaban jama'a. Manzo ne ke shigowa ya ba da labari. Ba ruwanku da takobi ko jinin ƙarya ko sauya kayan dandamali. Filin makaranta da la'asar ya isa. Abin da zai ci kuɗi shi ne yadin 'yan amshi, kuma haka abin yake tun asali: a Atina wani attajiri ake ɗora wa nauyin ciyar da 'yan amshi da tufatar da su, a matsayin hidimar gari. Yadi iri ɗaya marar ɗinki mai yawa yana ajiyuwa, a sake amfani da shi a wani wasan.

Ga Antigone na Sophocles, wanda aka yi wajen shekara ta 441 kafin Miladiyya. 'Yan'uwa biyu sun kashe juna a kan sarauta. Kawunsu Creon ya hau gado, ya ce a yi wa ɗaya jana'izar girma, ɗayan kuma a bar gawarsa a fili, wanda ya rufe ta a bakin ransa. 'Yar'uwarsu Antigone ta fita ta zuba wa gawar ƙasa. Aka kamo ta, ba ta musa ba, ta ce akwai dokar da ta girmi dokar sarki. Ba sai an yi wa Bahaushe dogon bayani a kan nauyin hana gawa sutura ba. Daga fitowar farko ya gane abin da ake ja a kai. Masu magana ba su wuce tara ba, wasan kuma bai fi awa ɗaya da rabi ba. Ƙarkonsa kuwa an gwada: Jean Anouilh ya sabunta shi a Faris a 1944 lokacin mamayar Jamus, aka sake gina wani wasa a kansa a Afirka ta Kudu a 1973 game da fursunonin tsibirin Robben.

Wahalar tana wurin 'yan amshi. Mutum 15 su yi magana da murya ɗaya, su motsa tare, yana bukatar kowa ya halarci kowane gwaji, kuma wanda ya taɓa riƙe ƙungiya ya san abin da hakan ke nufi. Idan aka bar su suna karanto dogayen baitoci a tsaye, nan ne 'yan kallo ke fara duba waya. Maganinsa a mayar da baitocin waƙa ta gaske, da jagora da masu karɓi da ganga, a rage yawansu zuwa takwas in ya kama.

Haɗarin ɗaya ɓangaren shi ne alloli. Sunayensu sun cika wasannin, wasu ma suna fitowa a jiki. Antigone ya fi sauƙin gyara a nan. Oedipus kuwa, mutumin da ya kashe ubansa ya auri uwarsa ba da sani ba, sai an yi tunani kafin a kai shi gaban iyayen yara, duk da Ola Rotimi ya mayar da shi ƙasar Yarbawa a 1968 kuma ya karɓu. Su kansu mutanen Atina ba komai suke haɗiyewa ba. Bayan Farisawa sun rusa Miletus, garin 'yan'uwansu Girkawa, a 494 kafin Miladiyya, marubuci Phrynichus ya yi wasa a kai, jama'a suka yi ta kuka, aka ci shi tarar dirakma 1,000 don ya fama musu ciwo, aka hana sake yin wasan.

Shakespeare

Mutane na ɗauka shi ne mafi tsada. Ta fuskar dandamali ba haka ba ne. Gidan wasan Globe da aka gina a Landan a 1599 tsakiyarsa a buɗe take, da rana ake wasa, talaka ya biya kwabo ɗaya ya tsaya a gindin dandamali. Ba a zana daji ko fada. Ɗan wasa ne zai faɗa da bakinsa cewa dare ya yi ko ga mu a bakin teku. Inda kuɗi ke tafiya shi ne sutura. Littafin lissafin Philip Henslowe, mai gidan wasan Rose, ya nuna a 1603 ya sayi wani wasa sukutum a kan fam 6, sannan ya kashe fam 6 da sule 13 a kan rigar da jarumar wasan za ta sa. A wurinku ma haka za ta kasance, sai dai in kun mayar da labarin masarauta irin tamu, inda ana iya aro babbar riga da rawani da alkyabba.

Ƙarko babu kamarsa. Abokan aikinsa sun tattara wasanni 36 suka buga a 1623, shekara bakwai bayan rasuwarsa, kuma tun da aka sake buɗe gidajen wasa a Ingila a 1660, bayan rufewar da majalisa ta yi musu a 1642, ba a daina yin su ba. Sunan kaɗai yana kawo 'yan kallo, musamman inda ɗalibai ke karanta shi don jarrabawa.

Sauƙi ne babu. Ingilishin shekara 400 da suka wuce ko 'ya'yan Ingila sai da sharhi suke gane shi. Ɗalibi zai haddace, ya zubo kamar karatun allo, 'yan kallo su tafa don ladabi ba don sun ji ba. In za a yi da Hausa, ana bukatar mai kunnen waƙa, domin ƙarfin Shakespeare a bakin mutanensa yake, labaran kuwa yawancinsu aro ya yi. An taɓa yi: marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar da ɗaya daga cikin wasanninsa na ban dariya zuwa Hausa da sunan Daren Sha Biyu. Sai tsawo. Hamlet in ba a datse ba yana cin awa huɗu. Macbeth bai wuce rabin haka da kaɗan ba. Sai yawan mutane: ko da kowa ya ɗauki matsayi biyu, da wuya ku tsira da ƙasa da mutum goma sha biyu. Kuma tun da samari ne ke fitowa a matsayin mata a zamaninsa, matsayin mata kaɗan ne. Julius Caesar mata biyu ne kawai a ciki. Ƙungiyar da 'yan mata suka fi yawa ta lura da wannan.

Haɗari ya danganta da wasan. Macbeth, mai bokaye da kwaɗayin mulki da matar da ke zuga mijinta, yana shiga kunnen jama'armu ba tare da tangarɗa ba, sai dai faɗan takobi yana son mai koyarwa, don ko na katako yana fasa goshi. Wasannin ban dariya da yawa sun ginu ne a kan mace ta yi shigar maza, ga kuma zantukan batsa da aka lulluɓe. Na siyasa kuwa a kula da lokacin da za a yi su. A Fabrairun 1601 magoya bayan wani basarake, Essex, sun biya ƙungiyar Shakespeare ƙarin sule 40 ta yi wasan tuɓe Sarki Richard na Biyu, washegari suka yi yunƙurin tawaye. Sai da aka kira ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar ya yi bayani. Julius Caesar ana gobe zaɓe ba lallai a karanta shi yadda kuka nufa ba.

Barkwancin Italiya da Molière

A ganina nan ne ƙungiyoyinmu suka fi yin asara, don sun fi kowa dacewa da wannan salo amma ba su cika waiwayarsa ba. A 1545 wasu mutane a garin Padua suka sa hannu a yarjejeniyar kafa ƙungiyar wasa don neman abinci, kuma daga irin waɗannan ƙungiyoyi ne salon da ake kira commedia dell'arte ya fito. Ba su da rubutaccen wasa. Takarda ce ake liƙawa a bayan dandamali mai cewa wane ya shiga, ya tarar da wance, ya yi mata ƙarya, ubanta ya shigo. Maganar kuwa daga kan ɗan wasa take fitowa. Kowa yana da mutum ɗaya da yake yi, wani har tsawon rayuwarsa: Pantalone tsohon attajiri marowaci mai son yarinya, Dottore mai dogon Latin marar ma'ana, Capitano sojan baki mai gudu in an zare wuƙa, Arlecchino bara mai yunwa kullum, sai saurayi da budurwa da ake hana su aure. Su ne kuma suka fara fito da mata a dandamali a matsayin sana'a, tun shekarun 1560. Isabella Andreini ta ƙungiyar Gelosi ta yi suna har fadar Faransa. A 1611 Flaminio Scala ya buga irin waɗannan tsare-tsaren labari guda 50.

Wanda ya san 'yan kama da wasannin tashe, ko ya ga yadda ƙungiyoyin Nijar irin ta Yazi Dogo suka riƙa tsara labari su raba matsayi kowa ya kawo maganarsa, ya san wannan hanya ba baƙuwa ba ce. Kuɗinta kaɗan ne ƙwarai: labule ɗaya a baya, benci, sanda, da rabin fuska da za a iya yi da takarda da sitaci. Ba ta bukatar wuta, ba ta bukatar shiru.

Rauninta ƙarko. Wasan yana zaune ne a jikin mutum biyu ko uku masu baiwar ban dariya, ranar da suka tafi ya tafi. Kuma sauƙin da ake gani ruɗi ne: 'yan Italiya sun haddace ɗaruruwan dabaru da jawabai da suke jefawa in wasa ya yi sanyi. Wanda bai da wannan jari sai ya yi ta ihu da maimaici.

Maganin wannan rauni shi ne a ɗauki waɗanda suka rubuta salon. Carlo Goldoni ya rubuta wasan baran da ya kama aiki wurin iyayengiji biyu a lokaci ɗaya don ya ci abinci sau biyu, a tsakiyar shekarun 1740. Kafin shi akwai Molière a Faransa, wanda ya raba zauren wasa da 'yan Italiya a Faris ya koyi da yawa daga gare su. Wasansa na marowaci, na 1668, kamar don mu aka rubuta. Harpagon ya binne akwatin kuɗinsa a lambu, yana son auren yarinyar da ɗansa ke so, yana kuma son ya ba wani tsoho 'yarsa don kawai tsohon ya yarda ya ɗauke ta ba tare da uban ya kashe ko sisi ba. A Faransa ta lokacin uban amarya ne ke ba da dukiya, don haka a Hausa sai a mayar da zancen kan kayan ɗaki da gara. Fitowar da aka sace akwatin ita ce zuciyar wasan: ya fito a guje yana kururuwar ɓarawo, ya cafke wani hannu, ashe nasa ne, sannan ya juyo ya ƙura wa 'yan kallo ido yana zargin su ɗaya bayan ɗaya. Ɗan wasa ɗaya mai kyau da fili, ba a bukatar komai bayan haka.

Haɗarinsa baki ne. Dariya tana son wanda za a yi wa, kuma ɗan wasan da aka sakar wa linzami zai iya kwaikwayon tafiyar wani sananne a gari ko ya zarce cikin batsa. A 1697 Sarki Louis na 14 ya kori 'yan wasan Italiya daga Faris saboda wani wasa da aka ɗauka habaici ne ga Madame de Maintenon, matar da ya aura a ɓoye. Tartuffe na Molière, labarin mayaudarin da ya shiga gidan mutum da rigar tsoron Allah yana neman matarsa da dukiyarsa, an hana shi a 1664, bai sami fita sosai ba sai 1669, duk da sarki na son marubucin. Wasa ne mai kyau, amma ni ba zan ba ƙungiyar da ba ta da kafaɗar jingina shawarar ta fara da shi ba.

Salon zahiri: Ibsen da Chekhov

Wannan ne tarkon. Mutum biyar ko shida, kayan gida, magana irin ta yau da kullum: kowa sai ya ce ai wannan mai sauƙi ne. To a duba abin da Henrik Ibsen ɗan ƙasar Norway ya nema a wasansa na gidan 'yar tsana, wanda aka fara yi a Copenhagen a 1879. Falo mai ƙofofi da yawa, fiyano, murhun ɗumama ɗaki, kujera mai lilo, kabad ɗin littattafai, bishiyar Kirsimeti, da akwatin wasiƙu mai makulli wanda mijin kaɗai ke riƙe da mabuɗinsa. Ba ado ba ne. Labarin yana rataye a kan wasiƙar da ke cikin akwatin nan, kuma wasan yana ƙarewa da ƙarar rufe ƙofa. Ƙofar da aka yi da kwali ba za ta ba da wannan ƙara ba. Salon ya taso ne tare da rufaffen zaure da fitilar da ake iya sarrafawa, aka duhunta wurin 'yan kallo, aka ɗauka akwai bango na huɗu tsakaninsu da 'yan wasa. André Antoine, wanda ya kafa gidan wasansa a Faris a 1887, har naman gaske ya rataya a dandamali don a ga shagon mahauta.

Lissafinku ke nan: kafinta, katako, fenti, hayar kujeru, zaure mai rufi, janareta, da makirufo, tun da magana ƙasa-ƙasa ake yi. Ƙarar janaretan kuma tana cinye shirun da wasan ke rayuwa a kai. Bayan an gama, bangayen ba su da wurin ajiya, damina ɗaya ta gama da su.

Wasan kansa ya fi kowanne wuyar yi. Babu waƙa ko faɗa ko abin rufe fuska da ɗan wasa zai ɓuya a bayansu. Abin da ake so a gani shi ne abin da mutum bai faɗa ba. Wasan Anton Chekhov ɗan ƙasar Rasha na tsuntsun teku ya faɗi warwas a Saint Petersburg a 1896, da ƙwararrun 'yan wasa kuwa. Sai da Konstantin Stanislavski da Vladimir Nemirovich-Danchenko suka kafa gidan wasansu na Mosko a 1898, suka yi masa gwaji na dogon lokaci da sabuwar hanya, sannan ya tashi. Ga wani abu kuma: a wannan salo kuna gasa ne da fim, kuma kyamara ta fi ku iya nuna ƙwalla a ido.

Haɗarin abin da ke ciki ma ba kaɗan ba ne. Nora, jarumar wasan gidan 'yar tsana, ta bar miji da 'ya'ya uku ta fita. A Jamus a 1880 sai da Ibsen ya rubuta wani ƙarshen dabam, ba da son ransa ba, inda ta fasa tafiya. Wanda ya fi dacewa da mu cikin nasa shi ne na 1882, labarin likitan da ya gano ruwan wankan da garinsu ke cin abinci da shi ya gurɓace, wansa magajin gari da 'yan jarida suka taru suka mayar da shi maƙiyin jama'a. Chekhov kuma yana da gajerun wasannin ban dariya, irin na neman aure mai mutum uku, inda saurayi ya zo neman aure ya ɓige da rigimar iyakar gona da budurwar. Wannan teburi da kujera biyu sun ishe shi.

Brecht

Bertolt Brecht, wanda ya rayu daga 1898 zuwa 1956, ya tashi ne yana adawa da wancan salo. Ba ya son ɗan kallo ya nutse cikin tausayi ya manta wasa yake kallo. Sai ya bar fitilu a fili, ya sa allo mai faɗin abin da zai faru kafin ya faru, ya katse labari da waƙa, ya sa mai ba da labari a gefe. Ya gudu daga Jamus a 1933, ya dawo ya kafa ƙungiyarsa a Balin ta Gabas a 1949 tare da matarsa Helene Weigel.

Kayan dandamali kaɗan ne, kuma ana iya yi a fili. Wasan da'irar alli, wanda ya rubuta a 1944, ya isa misali. An yi juyin mulki, matar gwamna ta shagala da kwashe tufafinta ta gudu ta bar jaririnta. Grusha, 'yar aikin kicin, ta ɗauke shi ta sha wuya a kansa. Da ƙura ta lafa uwar ta dawo nemansa saboda gado. Alƙali Azdak ya sa a zana da'ira, a tsayar da yaron a ciki, kowace ta ja. Sau biyu Grusha tana sakin hannu don kada ta ji masa ciwo. Mai sauraro zai tuna hukuncin Annabi Sulaiman, alaihis salam, sai dai a nan wadda ta rena aka ba wa, ba wadda ta haifa ba. A tsohon wasan Sin da Brecht ya aro labarin, uwa ta jini ce ta yi nasara. Shi ya juya shi da gangan. Ku shirya wa musu a kan nasaba bayan an tashi, wanda dama shi yake nema.

Tsadarsa a mutane take: matsayi sun kai gommai, ga mawaƙa da makaɗa. Sai haƙƙin mallaka, wanda nasa ke cika shekara 70 a ƙarshen 2026, amma na Paul Dessau da ya yi kiɗan wasu manyan wasanninsa, wanda ya rasu a 1979, da sauran lokaci. Ku yi naku kiɗan. Babban haɗarinsa shi ne ya rikiɗe ya zama lacca, 'yan wasa su yi ta nuna wa jama'a yatsa. Dabarunsa sun fi wasanninsa ƙarko a wurinmu: sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga tsakiyar shekarun 1970, ya haɗa irin wannan tunani da na Augusto Boal ɗan Brazil wajen kai wasa Samaru da ƙauyuka a tattauna matsalolin jama'a.

| Salo | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Girkawa | Kaɗan. Yadin 'yan amshi | Sosai. Kaya na ajiyuwa | Matsakaici. Horar da 'yan amshi | Alloli. Gundura in babu waƙa |
| Shakespeare | Matsakaici zuwa sama, sutura | Sosai | Wuya, harshe, tsawo, mutane | Rashin fahimta, siyasa, faɗan takobi |
| Italiya da Molière | Mafi araha | Rauni in ba rubutu, mai kyau da Molière | Sauƙi in akwai masu baiwa | Batsa, habaici, addini a Tartuffe |
| Ibsen da Chekhov | Mafi tsada | Kayan ba sa ajiyuwa | Mafi wuya | Wuta, hayaniya, zancen aure |
| Brecht | Kaya kaɗan, mutane da yawa | Dabarun sun fi daɗewa | Matsakaici zuwa wuya | Lacca, haƙƙin mallaka, siyasa |

Wa ya dace da wanne

Makarantar sakandare mai fili, da ɗalibai da yawa da ake son kowa ya fito, da malamin da zai iya tara su kullum: Antigone, da Hausa, 'yan amshi suna waƙa. A makarantar 'yan mata ana iya mayar da 'yan amshin matan gari maimakon dattawa.

Ƙungiyar unguwa ko ta matasa, marar zaure, marar kuɗi, amma da mutum biyu da in sun buɗe baki ake faɗuwa da dariya: marowacin Molière ko baran Goldoni. A rubuta iyakar abin da ba a faɗa, a sa mutum ɗaya ya tsare ta.

Makarantar da ɗalibanta ke karanta Shakespeare don jarrabawa: a yi shi, amma a datse zuwa awa ɗaya da rabi, a sa mai ba da labari da Hausa tsakanin fitowa da fitowa. In ba jarrabawa ce ta tilasta wani wasan ba, Macbeth.

Ƙungiyar da ke aikin wayar da kai a kan ruwa, lafiya ko rikicin gona: dabarun Brecht a kan labarin garinku, ba lallai wasansa ba.

Sashen jami'a mai zaure, da fitilu, da zango guda na gwaji, da ɗaliban da ke shirin shiga fim: nan ne Ibsen ya cancanci kuɗinsa, a fara da wasan likita da gurɓataccen ruwa. In kuwa ku uku ne kacal kuma sati uku ya rage, ku ɗauki gajeren wasan neman aure na Chekhov, ku aro teburi daga ofishin malamai.